Yadda Na Kai Habsu Badun a Motar Albasa

Tun da muka dawo ban huta da tambaya ba. In na fito masallaci a tare ni, in na shiga kasuwar Tamaske a ja ni rumfa. "Asumane, wai da gaske mace ce likitar?" "Wai an ɗebe maka jini an sayar?" Na ba da labarin har bakina ya gaji, kuma kowa ya samu guntu sai ya ƙara masa gishiri. Don haka bari in jera shi daga farko, wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba.

Habsu ɗiyata ce ta uku, shekarunta wajen takwas. Ana cikin cirar albasa ta fara kukan haƙori. Muka sa mata kanumfari, muka ce zai wuce. Kafin mu ankara kuncinta na hagu ya tashi kamar ta cusa goruba, haƙoran gefen duk suna girgiɗi. Wanzami ya duba ya ce shi ba zai sa aska a nan ba, Allah ya saka masa da alheri. An sha rubutu, an yi turare, kumburi sai gaba yake yi, har ido ya fara rufewa. Yarinyar da ba ta iya zama wuri ɗaya ta koma ƙuryar ɗaki ta lulluɓe fuska, don yara sun fara taruwa kallonta.

Na kai ta gidan likita na Keita. Majo, wato babban malamin jinya na wurin, ya taɓa kuncin, ya danna cikinta, sannan ya juyo gare ni.

"Asumane, wanga ba haƙori ba ne," ya ce. "Ciwon daji ne, irin wanda ke tasowa daga ƙwayoyin jini. Ba ni da maganinai, kuma ba ni son in ɓata maka lokaci."

"To Majo, sai mu koma gida mu jira ikon Allah?"

"Ikon Allah ko'ina shina iske mutum. Amma akwai wata mata a Badun, ƙasar Yarbawa, babbar likita, ta daɗe tana binciken ciwon jini na yara. Wani likita da ya yi aiki ƙarƙashinta ya gaya mini yara da dama sun tashi a hannunta. In za ka tahi, tahi yanzu. Abin ga ba ya jira."

Da na gaya wa uwarta, ba ta yi kuka ba. Tambaya ɗaya ta yi mini: "Malam, in ta cika can, wa zai yi mata wanka?" Na ce akwai musulmi ko'ina. Ta tashi ta daka mana gumba, ta ƙulle ƙuli-ƙuli a tsumma.

Ni iyakata Sakkwato, ban taɓa wuce ta ba. Sa'ar da na yi ita ce Illa, shofer ɗin babbar motar da ke kwasar albasarmu, Badun ya nufa da lodinsa. Ya sa Habsu gaba kusa da shi, ni na hau bisa buhuna. Duk wanda ke son ya san hanyar Keita zuwa Buza, ya hau bayan mota ya ji ta a ƙugunsa. Dutse ne da gangara, mota na nishi kamar tsohon raƙumi. Kafin Madawa taya ta fashe, muka sauka muna tara duwatsu a gindin ƙafafun mota. Warin albasa kuwa ya shige mini riga har ban ƙara jin sa ba. Mutane ne ke ji, don duk inda na zauna sai na ga ana matsawa.

A Ƙonni jandarmomi da mutanen duwan, wato kwastan, ba su tsayar da mu da yawa ba, sun san Illa. Da muka tsallaka Illela ne aka samu 'yar matsala. Wani mai kaki ya leƙa gaban mota, ya ga yarinya ta naɗe fuska da gyale, gefe ɗaya ya yi tudu. Ya zaci wani abu muka ɓoye mata. Ya yi ta magana da Ingilishi, ni kuma iyakar abin da na iya na Nasara shi ne "wi, mushe", ina ta maimaitawa, abin ya ƙara ba shi haushi. Ya miƙa hannu ya yaye gyalen. Sai ya tsaya. Ya mayar mata da shi a hankali, ya gyara, kamar uwa. Ya juya ya shiga rumfar mai shayi ya fito da gwangwanin madara ya ajiye mata a cinya. Ashe ya iya Hausa. "Ku wuce," ya ce. "Allah ya ba ta lafiya."

Har Yawuri ban ji baƙunta ba, tuwo tuwo ne, sallama sallama ce. Daga Kwantagora ƙasa ta fara sauya. Mu mun baro gida rana na ƙona dutse, su can har an yi shuka. A nan ne Habsu ta daina iya tauna. Sai in jiƙa gumba in tace, in zuba mata madarar mai kaki, ta tsotsa ta gefen baki.

Mun ƙetare gadar Jabba da kaɗan mota ta yi tari ta mutu. Illa ya shiga ƙarƙashinta, ya fito baƙi ƙirin ya ce sai an samo ƙarfe daga Ilori. Ga hadari ya haɗo, albasa kuwa ba ta son ruwa. Na ce bari in taya shi da yaran motarsa jan tamfal. Ya ce, "Kai ba albasa ta kawo ka ba." Ya tsaya tsakiyar titi ya tare wata motar fasinja, ya tura mu ciki, ya yi wa direban ihu da kalma ɗaya: "Sabo!" Wato unguwar Hausawa ta Badun.

Cikin motar nan babu mai jin Hausa. Mata ne suka fi yawa, manyan 'yan kasuwa, kowace da ɗaurin kai kamar faifai, suna magana da ƙarfi har na zaci faɗa ake, sai in ga an fashe da dariya. Da aka tsaya cin abinci aka miƙo mini tuwo baƙi. Na nuna wa mai abincin da hannu cewa tuwonta ya ƙone. Matan nan suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Daga baya na ji sunansa amala, garin doya ne, haka launinsa yake. Miyar kuwa, loma ɗaya na yi hawaye suka zubo, na ce lalle barkonon ƙasarmu Adar wasan yara ne. Amma ɗaya daga cikinsu ce ta ɗauki Habsu ta kwantar a cinyarta har Badun, tana yi mata waƙa da yarensu.

A Sabo aka kai ni wurin Alhaji Garba, mai saukar da baƙi, dillalin goro, wanda kakansa ya zo daga Kano. Ina buɗe baki na ce, "Mi za ni yi in ga likita?" sai ya yi dariya. "Mi? Ba'adare ne wannan! Mutanen Faransa, sannunku da hanya." Da ya ga fuskar Habsu dariyar ta tsaya. Ya ba mu ɗaki, washegari da kansa ya sa babbar riga ya raka mu.

Asibitin bene ne bisa bene. Aka nuna mana wani akwatin ƙarfe wai shi ke hawa da mutane sama. Na ce ni dai Allah ya ba ni ƙafa. Na goya Habsu muka bi matakala, muka iske Alhaji a sama yana jiranmu, ko gumi bai yi ba.

Ina zaton zan ga wata ƙatuwa. Sai ga 'yar gajeruwar mata mai furfura, tabarau na rataye a wuyanta, kowa na kiranta Mama. Manyan maza masu fararen riguna na biye da ita, hannu a baya. Na ga wani saurayin likita ya kwanta rub da ciki ya gaishe ta, don su haka suke gaida manya, ba tsugunawa irin tamu ba. Ta taɓa aiki a Arewa, ta iya Hausa, sai dai ba ta raba namiji da mace. Ba ta fara da ni ba. Ta durƙusa gaban yarinyar.

"Yarinya, yaya sunanka?"

Habsu, wadda ta yi kwanaki ba ta ce uffan ba, ta buɗe gefen baki ta ce, "Sunanki aka cewa."

Mama ta yi dariya har tabarau na rawa. "To, na samu malami. Kullum za ka gyara mini."

Ta tambaye ni garinmu. Akwai fadama? Akwai sauro? Yara na yawan zazzaɓi? Na ce muna da fadama, a cikinta muke albasa, sauro kuwa da damina ba a magana. A bangon ofishinta akwai taswira cike da ƙananan allurai masu kai, kowace allura yaro ne da ta duba, a garin da ya fito. Ta ce da haka suka lura ciwon ya fi yawa inda zazzaɓin sauro ya yi yawa, kuma har yanzu suna neman dalili. Ta nemi Tamaske ba ta samu ba, taswirar ta ƙare a Illela. Sai ta hau kujera ta soka allurarmu a jikin bango, sama da takardar.

Sannan ta zaunar da ni ta yi mini bayani ba ɓoye-ɓoye. Za ta ɗebi ɗan abu daga kuncin, ta ɗebi ɓargo daga ƙashin ƙugu. Wani za ta duba don magani, wani za ta ajiye don bincike, in na yarda.

"Mi za ki yi da naman ɗiyata?" na ce.

"Baban Habsu, maganin da zan ba shi, daga irin wannan ɗigon na yaran da suka riga shi zuwa aka gane yadda ake ba da shi. Nasa zai taimaki na baya. In kin ƙi ma zan yi magani, ba ciniki ba ne."

Na ce ta ɗiba.

Aka ɗaura mata ruwa da magani a jijiya, aka yi mata wata allura a gadon baya. Ta yi amai har na ce kashe ta za su yi. Amma jama'a, abin da idona ya gani shi zan faɗa. Cikin 'yan kwanaki kumburin nan ya fara saɓewa kamar an huda salka. Ido ya buɗe. Wata safiya ta ce mini, "Baba, ƙuli-ƙulin Inna ya ƙare?" Na juya baya don kada ta ga fuskata.

Gashinta ya zube duka. Ran nan sai ga wani tela, Lasisi, da jakar huluna da 'yan kallabi yana raba wa yaran ɗakin. Kuncinsa ɗaya ya ɗan shiga ciki. Yana jin Hausar Sabo, shi ya ba ni labarin Mama.

"Ni ina cikin na farko-farko," ya ce. "Kafin lokacin, duk yaron da ya zo da wannan kumburi sai dai a yanka, ya sake tsirowa, a kai shi kabari. Mama tana ƙaramar likita abin ya hana ta sukuni. Ta tafi Turai ta karanci jini, suka so ta zauna, ta ƙi. Ta dawo ita da abokan aikinta na wasu ƙasashe suna gwada magani, suna aika wa juna abin da suka gani. Ubana ya gudu da ni bayan allurar farko. Matar nan ta shiga motarta ta bi ƙauyuka tana tambaya har ta same mu a gona. Yau ga ni da 'ya'ya biyu. Likitocin da ta koyar kuwa, har Zariya da Ankara ta ƙasar Gana akwai su."

Ba kowa ke tashi ba, kada in yi muku ƙarya. A gadon da ke kusa da namu akwai wani yaro, Tunde. Shi ba kumburi gare shi ba, nasa cikin ɓargo yake, irin wanda ke cinye jini gaba ɗaya. Ya yi fari fat, dasashinsa na zub da jini. Ni da uwarsa ba ma jin yaren juna, amma kullum sai ta raba abincinta biyu, ta ɗebi na Habsu kafin ta zuba barkono. Ranar da aka rasa jinin da za a ƙara masa, aka auna nawa ya dace. To ga amsar masu cewa an sayar da jinina. Ni na miƙa hannu da kaina, kwalba ɗaya, aka ba ni shayi mai madara, ban ji komai ba. Yaron ya farfaɗo har suna wasan dara da Habsu da marafan kwalba. Bayan 'yan makonni ya rasu, da hantsi.

Na iske Mama a baranda ita kaɗai, ta cire tabarau. Na yi mata ta'aziyya kamar ita ce uwar.

"Wannan shi ne wanda ya gagare ni," ta ce. "Irin na Habsu mun fara samun kansa. Irin na Tunde, ina jinkirta shi ne kawai. A Turai sun fara cin nasara a kansa, mu ma za mu kai. In ban kai ba, waɗannan yaran masu fararen riguna za su kai." Ta mayar da tabarau ta koma ciki, don akwai sabon yaro da aka kawo.

Ana nan sai ga Illa ya sake zuwa da lodi, ya biyo ta asibiti. Da ya ga Habsu na tsalle tsakanin gadaje ya riƙe baki. Sannan ya ce, "Asumane, an yi ruwan shuka Tamaske. Kowa na gona. Jibi ni ka komawa, in kuna zuwa."

Hankalina ya koma gida. Yarinya ta warke, kunci ya koma daidai, ga gona can ba mai shuka ta, ga iyali. Na je na gaya wa Mama za mu tafi, na gode.

Ba ta yi faɗa ba. Ta ce in biyo ta. Ta kai ni wani ɗaki mai warin magani, ta zaunar da ni gaban madubin da suke duba jini, ta sa ɗan gilashi ta ce in rufe ido ɗaya in leƙa. Da fari gashin idona kawai nake gani. Can sai ga su, ƙwayoyi shuɗɗa cunkus, kamar an zubar da gero a tabarma.

"Wannan na ranar da kuka zo ne." Ta canza gilashin. "Wannan na bayan allurar farko."

Fili ya yi sarari, sai ɗaya can, ɗaya can.

"Yanzu ko na duba ba na ganinsu," ta ce. "Amma na daɗe a aikin nan, na san rashin gani ba ya nufin babu. Yaran da aka tafi da su a wannan gaɓa, da yawa an dawo mini da su, kuma karo na biyu magani ba ya ji kamar na farko."

Na ɗago kai daga madubin. Na tuna ƙuduji a gonar gero. Ka tuge shi tas, gona ta yi kyau, irinsa na kwance cikin ƙasa inda ido ba ya kaiwa.

"Saura nawa?" na ce.

"Sai hatsinki ya yi bununi, watakila."

Na fita na sami Illa. Na ce ya gaya wa yayana ya yi yadda zai iya da gonar, ya gaya wa uwar Habsu ɗiyarta na cin tuwo da haƙoranta. Ranar da motarsa ta tashi na ji kamar an bar ni a rijiya. Alhaji Garba ya ga ina zaman banza ina tunani, ya sa ni aikin jera goro cikin ganye, muna zuwa asibiti ranar allura muna komawa Sabo. Har amala na koya ci.

Ranar sallama Mama ta ce in dawo da ita bayan girbi a duba, ko da lafiyarta lau. Habsu ta durƙusa ta gaishe ta da Yarbanci. Mama ta shafa kanta da ya fara toho ta ce, "Allah ya raya ki." Habsu ta dube ni ta ce, "Baba, yau ta faɗa daidai."

Mun iso gida gero ya fi ni tsawo. Ashe yayana ya kira gayya, 'yan unguwa sun shuka gonata sun nome ta har maimai. Uwar Habsu na tsakar gida tana daka, ta saki taɓarya. Ta kama fuskar yarinyar da hannu biyu tana juya ta, dama, hagu, dama, wai ta manta wane kuncin ne. Majo kuwa da na kai masa ita Keita, ya kira duk ma'aikatansa ya ce su dube ta da kyau, daga yau duk yaron da ya zo da irin kumburin kada a ce haƙori ne.

Shekaranjiya da safe ina gyaran rumbu aka yi sallama. Wani mutum ne daga ƙauyen Deule, ban san shi ba, a kan jaki, da yaro a gabansa an naɗe masa fuska da rawani. Ya ce Majo ne ya turo shi. Ya ce shi ko Madawa bai taɓa wucewa ba, in kwatanta masa hanya.

Na fara kwatance, Ƙonni, Illela, Yawuri, na ga idonsa na raina fata. Sai na bari. Ai lokacin mayar da Habsu ya kusa, 'yan makonni ne suka rage, kuma nasa yaron ba zai iya jiran su ba. Na leƙa cikin gida na ce a daka gumba ta mutum huɗu, tare za mu tafi.

Habsu ta fito ta tsaya gaban jakin. Yaron ya ƙara jan rawani ya rufe fuska. Ta ce masa, "Buɗe in gani." Ya buɗe a hankali. Ta duba, ta taɓe baki.

"Wanga?" ta ce. "Nawa ya fi shi girma. Sauko mu sha hura."